Kwanakin da Muka Koya wa Mutum-mutumi Bin Koriyar Fitila

Asabar

Ɗan ƙanwata ya iso Karaye bayan la'asar, ya sauko daga motar Kano gashin idonsa fari fat da ƙura, rungume da kwali. A Jami'ar Bayero yake karatun injiniya, ɓangaren da ya haɗa lantarki da kanikanci da kwamfuta. Ni kuwa Fiziks nake koyarwa a sakandare. Tun da damina muka ƙulla cewa hutun hunturun nan za mu haɗa ɗan mutum-mutumi mai taya, wanda zai hango fitila mai launi a hannun mutum ya bi ta duk inda ta nufa. Wani abokina da ke koyarwa a Rogo yana da 'yan aji shida masu zuwa darasin hutu, ya ce in abin ya tashi mu kai musu Asabar mai zuwa.

A kan tabarma a zaure muka zazzage kwalin. Ƙwaƙwalwar ita ce Raspberry Pi, kwamfutar nan da ba ta cika tafin hannu ba, wadda 'yan Ingila suka fara fitarwa a 2012. Idon kuwa 'yar kyamarar da aka ƙera dominta ce, mai farantin ɗaukar haske na Sony IMX219. Akwai ƙananan injina biyu da za su zama wuya, ɗaya ya juya kyamarar hagu da dama, ɗaya sama da ƙasa. Sai tayoyi da injinansu, da fawa banki. Gangar jikin kafinta ne ya yanka mana da guntun katako. Manhajar ganin OpenCV ce, wadda aka faro a kamfanin Intel a 1999, kuma kyauta ake samun ta.

Biyu cikin ɗalibaina sun zo taya mu. Macen na danƙa mata littafin rubuta awo saboda kyan rubutunta, namijin kuma shi ne mai riƙe fitila.

"Kawu, haɗa wayoyi wasa ne," in ji ɗan ƙanwata yana ɗaure sukurori. "Idon nan shi zai sha mana kai."

Lahadi

Ɗan ƙanwata ya zo da lambobin jan launi da ya kwafo daga intanet, muka zuba su, yaron ya tsaya a bakin ƙofa da tocila mai jan ƙwai. Wuyan ya juya a hankali, ya wuce tocilar, ya kafa wa jan bokitin uwargida ido. Da muka leƙa allon kwamfuta sai muka ga dalili: a hoton, tocilar fara ce sol, ɗan siririn zobe ne kawai ja a gefenta.

Nan na zaunar da yaran. Farantin da ke cikin kyamarar ƙananan gidaje ne kusan miliyan 8, kuma kowane gida yawan haske kaɗai yake ƙirgawa, bai san launi ba. Sai aka rufe kowane da 'yar matata, ja ko koriya ko shuɗiya. Rabinsu kore ne, kwata ja, kwata shuɗi, tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya samu rajistarsa a 1976. A ƙarshe kowane ɗigo na hoto lambobi uku ne, daga 0 zuwa 255. In haske ya yi yawa, gidan ja ya cika ya tsaya a 255, ragowar kuma ta ratsa matatun kore da shuɗi su ma su cika. Uku sun cika, fari ke nan. Wato iya ƙarfin tocila, iya ɓacewar launinta.

Matsala ta biyu yarinyar ce ta gano ta. Ta rubuta lambobin bokitin da hantsi, ta sake rubutawa bayan azahar, suka sha bamban.

"Malam, bokitin ai shi ne dai."

"Shi ne. Hasken da ke sauka a kansa ne ya sauya, ita kuma kyamarar tana yi mana karambani."

Kyamarar da aka saka wa waya ko kwamfuta an yi ta ne don ta faranta wa mai kallo. Da wuri ya yi duhu sai ta tsawaita lokacin da take shan haske, da haske ya yi ja-ja sai ta ƙara shuɗi don farar riga ta fito fara. Mai ɗaukar hoton biki yana son haka. Mai awo kuwa mudunsa ne ake sauya masa yana tsakiyar auna hatsi.

Da magariba muka fito da mutum-mutumin ƙofar gida, nan ja ya ƙarasa fita daga ranmu. Fitilun bayan babura ja ne, garwashin mai tsire ja ne, ranar da ke faɗuwa cikin hazo ita ma ja ce.

Litinin

Yau muka ɗaure wa kyamara hannu. Mun hana ta sauya lokacin shan haske, mun hana ta gyara fari da kanta, muka yi ta rage lokacin har zauren ya koma baƙi ƙirin a allo, ba a ganin tabarma ba a ganin fuskar kowa. Yaron ya ce, "Malam, ai ta makance." Da aka kunna fitila sai ga ta ita kaɗai a tsakiyar duhu, da launinta cikakke.

Kore muka zaɓa, tun da gidajen kore sun ninka na ja ko na shuɗi a farantin. Tocilar caji da muka fara gwadawa ta ba mu mamaki: in aka sa ta a ƙaramin haske sai hotonta ya fito a yayyanke, layi mai haske layi mai duhu. Irin waɗannan tociloli kunnawa da kashewa suke yi da saurin da ido ba ya kamawa, ita kuwa wannan kyamara layi-layi take karanta hoto daga sama zuwa ƙasa, sai wasu layukan su faɗo a lokacin da tocilar ke kashe. Muka ajiye ta muka haɗa tamu. Koren ƙwan LED yana cin kusan bolt 3, fawa banki na ba da 5, saura 2. Na sa yarinyar ta raba 2 da 0.02, wato ƙarfin wutar da ƙwan ke ɗauka lafiya, ta samu 100. Da wannan lambar muka je wurin mai gyaran waya ya zaro mana ɗan abin rage wuta mai om 100 daga wata tsohuwar caja.

Sai ƙwallon tebur. Ɗan ƙanwata ya huda ta da ƙusa mai zafi ya cusa ƙwan a ciki, hasken ya bazu, ta zama dunƙule guda mai kore ko'ina. Ya ce dabarar da Sony suka yi ke nan a sandar wasansu ta PlayStation Move a 2010.

Mun kuma bar lissafi da ja da kore da shuɗi, muka koma tsarin HSV da Alvy Ray Smith ya bayyana a 1978. Shi yana raba abu uku: wane launi ne, kaurinsa nawa, haskensa nawa. Alfanunsa shi ne in fitila ta yi nisa ta dushe, lambar haske ce ke sauka, ta launi ba ta cika motsi ba. A OpenCV launi daga 0 zuwa 179 yake zagayawa. Kore yana wajen 60, shuɗi 120, ja kuwa ya rabu biyu, rabi a farko rabi a ƙarshe. Yaron ya yi ta zagaya zaure da ƙwallon a kan kara, yarinyar na rubuta mafi ƙanƙanta da mafi girman lambar da ta bayyana. Daga littafinta muka ɗauki iyakoki.

Talata

Gane launi daban, sanin inda abu yake daban. Yau ranar awon gilashi ce.

Kafin mu fara na kai yaran ɗakin ajiya, muka toshe taga da kwali, na huda ƙaramin rami. Bishiyar darbejiyar waje ta bayyana a bango, kanta a ƙasa. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya yi aikinsa a Alƙahira, ya yi bayanin irin wannan ɗaki mai duhu a Kitabul Manazir. Lissafin da ke bayansa shi muke bukata: girman abu a hoto yana raguwa daidai da ƙaruwar nisansa.

Sai dai gilashin kyamara yana ɗan lanƙwasa miƙaƙƙen layi, musamman a gefe-gefe. Don a auna wannan muka buga takarda mai gidaje baƙi da fari irin na allon daraf a shagon kwamfuta, muka manna ta a kan gilashin taga don kada ta lanƙwashe. Mun sa rula mun auna gidajen da kanmu, saboda injin buga takarda kan rage girma ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Yaron ya riƙa karkata allon, kusa da nesa, tsakiya da kusurwa, muna ɗauka. Hanyar Zhang Zhengyou ce, wanda ya wallafa ta a 2000 yana aiki da Microsoft, kuma OpenCV na ɗauke da ita.

Mun sa kyamarar ta yi aiki da dukan faɗin farantinta, a rage hoton zuwa ɗigo 640 a kwance da 480 a tsaye. Lambar gilashin da ta fito wajen 530 ce. Na sa su gwada ta da abin da masu ƙera kyamarar suka rubuta, cewa tana ganin faɗin digiri 62.2, lissafi ya zo daidai. Ma'anarta a aikace: kusa da tsakiyar hoto, kusan ɗigo 9 shi ne digiri ɗaya. Ƙwallon tebur kuwa milimita 40 ce, don haka a nisan mita 1 za ta cika ɗigo 21, a mita 2 kusan 11, a mita 4 ɗigo 5 kacal. Muka shimfiɗa tef ɗin tela a tsakar gida muka tabbatar. A mita 4 kuskuren ɗigo ɗaya kan ci kusan mita guda, saboda haka muka yanke cewa abin da ya wuce nan ya bi alƙibla kawai, kada ya yarda da nisa.

Laraba

Tsakiyar hoto ita ce 320 da 240. Duk tazarar da ƙwallo ta yi da wannan wuri, wuya ya juya ya rage ta. Da muka kunna, sai ya kama gyaɗa kai sama da ƙasa kamar ƙadangare a kan katanga, yara maƙwabta da suka cika zauren suna ta ƙyalƙyala dariya.

Dalilin jinkiri ne. Hoto 30 kyamarar ke ɗauka a daƙiƙa, kowane yana cin milisakan 33, ga lokacin lissafi a kai. Kafin umarni ya isa wuya, labarin ya tsufa. Sai ya yi tsalle ya wuce ƙwallon, ya dawo ya sake wucewa. Ɗan ƙanwata ya rage girman takun da yake yi a kowane hoto, ya kuma ware 'yar da'ira a tsakiya, in ƙwallo na cikinta wuya ya yi zamansa. Ya natsu. Tayoyi kuma da sun tashi sai su ja wuta kwamfutar ta mutu, muka raba musu batir.

Da azahar muka fito tsakar gida. Mutum-mutumin yana bin ƙwallon tiryan-tiryan, sai 'yar maƙwabciyarmu ta shigo da tallan gyaɗa, sanye da koren hijabi mai sheƙi, rana na dukan sa. Nan take ya bar yaron ya nufe ta. Ta ajiye faranti ta ruga bayan uwargida tana ihu, "Inna, ki ce ya bari!" Sai da na sayi gyaɗar hamsin sau biyu kafin a shirya.

Launin hijabin yana cikin iyakarmu, kuma ya fi ƙwallon girma, manhajar kuwa mafi girma take zaɓa. Muka ƙara mata sharaɗi biyu: abin ya zama zagayayye, kuma kada ya wuce girman da ƙwallo za ta yi a kusa.

Alhamis

Muna son fili mai faɗi, sai muka ɗaura mutum-mutumin a babur muka nufi wajen Turawa, bakin dam ɗin Challawa. Julius Berger ne suka gina shi tsakanin 1990 da 1992, tsayinsa mita 42, tsawonsa kilomita 7.8, yana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 904. Yau hazo ya rufe ɗaya gaɓar, ruwan ya kwanta luf.

Yaron ya hau wani dutse da ya ɗan shiga ruwa, ya ɗaga kara. A allo sai ga ƙwallo biyu, ta gaskiya da inuwarta a ruwa, duka kore, duka zagayayyu. Wuya ya riƙa kai-komo tsakaninsu, tayoyi suka nufi ruwa, ɗan ƙanwata ya cafke shi da ƙyar. Wani dattijon masunci da ke gyaran koma ya ɗago ya ce, "Malam, in kifi yake so ku bar shi ya shiga mana." Doka ta gaba: in abu biyu suka yi kama, ɗaya a kan ɗaya, a ɗauki na sama. Za ta yi amfani a kan jiƙaƙƙen siminti ma.

Muna haɗa kaya yarinyar ta yi shiru tana kallon hanya. Wani mai babur ya bar siginarsa a kunne tana ƙyaftawa.

"Malam, duk fitilun can ita kaɗai idona ke kamawa. Me zai hana tamu ta riƙa ƙyaftawa? Hijabi ai ba ya ƙyaftawa."

Ɗan ƙanwata ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Kawu, wannan a tura ta injiniya."

Juma'a

Kafin masallaci mai gyaran waya ya liƙa mana 'yar na'urar ƙidayar lokaci mai lamba 555 da dalma, wadda ke kasuwa tun 1972 kuma har yau ba ta tsufa ba. Muka saita ta ƙwallon na ƙyaftawa sau 3 a daƙiƙa, wato hoto 5 a kunne, 5 a kashe. Manhajar za ta amince ne kawai da koren da ke zuwa yana tafiya a kan wannan ƙa'ida.

Da yamma mutum-mutumin ya riƙa tsayawa tun bai iso ba. Ƙurar jiya ce ta kwanta a gilashi, ta yi wa ƙwallon rawanin haske, ta ƙara mata faɗi, shi kuma ya ɗauka ta matso. Aka goge da ƙyallen tabarau, ya dawo daidai.

Asabar

Mun kama hanyar Rogo da sassafe, sanyi na ratsa rigar sanyi. Daga Rogo sai iyakar Katsina da Kaduna. Lokacin saran rake ne, a hanya sai kaucewa motocin da suka yi lodinsa muke yi.

Abokina ya tara ɗalibai a filin makaranta. Can gefe, bayan waya, wata fadamar rake ce kore shar. Hazon safe ya ɗaga, rana ta take. Aka kunna, yaron ya ɗaga kara, mutum-mutumi ya tsaya ƙyam. Ɗalibai suka fara 'yan gunaguni.

Muka buɗe allo. Lambobinmu na zaure ne da inuwar tsakar gida da yammacin bakin dam. Rana tsaka in sama ta washe takan kai lakis 100,000 a ma'aunin haske, ɗaki kuwa 'yan ɗaruruwa ne. Ƙwallon fara ce, rana na haska ta ta waje fiye da yadda ƙwan ke haska ta ta ciki, sai korenta ya tsinke ya koma fari-fari, kaurinsa ya faɗi ƙasa da iyakar da muka sa.

Abokina ya matso ya ce a hankali, "Malam, ko mu ce musu batir ne?"

Na ce a'a, darasin ne ya zo da ƙafarsa. Muka juya allon ya fuskanci ɗalibai, muka sake awon a gabansu. Wani ya kawo kwalin sabulu, aka shafa masa baƙin gawayi a ciki, aka yi wa ƙwallon rumfa. Muka ƙara rage lokacin shan haske. Yarinyar ta kira ɗaliban ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nuna wuri a allo ta karanta lambarsa. Ganyen rake ya faɗo wajen 40, saboda korensa na da ruwan ɗorawa a ciki. Ƙwallon tana sama da 60. Muka ɗaga iyakar launi ta ƙasa don rake ya fita, muka sassauta ta kauri don ƙwallon ta shigo. Sassautawar ta buɗe wa wasu abubuwa ƙofa, har da koren fentin ƙofar wani aji, amma babu mai ƙyaftawa sau 3 a daƙiƙa a cikinsu. Ganyen da iska ke kaɗawa yana walƙiya, sai dai ba shi da ƙa'ida.

Aka sake kunnawa. Wuya ya juya ya kama ƙwallon, tayoyi suka motsa, ya bi yaron har gindin mangwaro ya dawo. Ɗalibai suka yi ta rige-rigen karɓar karan. Tambayoyin da suka biyo baya duk a kan awon ne: me ya sa allo ya yi duhu, me ya sa rake 40 ne, in da dare ne fa. Da ya yi aiki tun karon farko, tafi kawai za mu samu.

Lahadi

Abokina ya bugo waya da safe, ɗalibansa na son haɗa nasu, in turo masa lambobin. Na ce waɗanne, na zaure, na bakin dam, ko na filin makarantarsa da hantsi? Abin da na tura masa jerin aiki ne. A goge gilashi. A hana kyamara gyara kanta. A rage haske har komai ya ɓace ban da fitila. A auna fitilar a wurin da za a yi aiki, a kuma lokacin da za a yi shi. A auna duk abin da ya yi kama da ita a kewaye. A rubuta wuri da sa'a da yanayin sama kusa da kowace lamba. Lambar gilashi kaɗai ce ke bin kyamara duk inda ta je, ita ma tasu sai sun auna da kansu.

Yarinyar ta tsaga kwafin jerin ta manna a cikin gangar jikin. Ta kuma tuna mana cewa da damina Karaye gaba ɗaya kore take zama, don haka a watan Agusta ko dai a sake awo daga tushe ko a gwada shuɗiyar fitila, tun da rabon shuɗi a gona kaɗan ne. Mun bar shawarar sai lokacin.

Ɗan ƙanwata ya bi motar azahar zuwa Kano. Ya bar mana mutum-mutumin da kyamararsa, amma fawa bankin ya ce nasa ne, da shi yake cajin waya. Gobe sai na aika a sayo wani.